Dambun Hafsat

Ranar da Hajo ta ji dariya tana fitowa daga ɗakin jikarta, saura kaɗan butar alwala ta suɓuce mata. Ba irin murmushin nan da mara lafiya ke yi wa masu dubiya don su tashi su tafi ba, a'a, dariya ce ta gaske, har da dukan katifa. Rabon gidan nan na Ƙofar Jatau da jin wannan sauti tun kafin likitoci su ce Khairat na da kansar jini.

Yarinyar shekararta goma sha biyar, kuma da can bakinta ba ya hutawa. Likita ya ce jikinta na karɓar magani, Hajo ta gode wa Allah. Sai dai maganin ya kwashe mata gashi tas, har da na gira, shi ke nan Khairat ta shige ɗaki ta saki labule. Ƙawaye suka yi ta zuwa, tana cewa a ce musu barci take yi. Su'ad, wadda tun suna 'yan ƙanana a Islamiyya ba a ganin ɗaya ba ɗaya, ita ta fi kowa naci, amma da barcin ya ƙi ƙarewa ita ma sai ta ɗauke ƙafa. Wannan ne ke cin ran Hajo. Tsoronta kada jiki ya warke, a tarar yarinyar ta manta yadda ake zama cikin mutane.

Hajo ba ta laɓe, in dai ita ka tambaya. Tsayuwa kawai take yi kusa da labule. A nan ta ji jikarta na cewa, "Kai, Hafsat, ba ki da dama!" Wata murya mai sanyi ta amsa daga cikin waya, dariya ta sake ɓarkewa.

Ta nufi kicin wajen surukarta Barira, mahaifiyar Khairat.

"Wace ce Hafsat?"

"Ta cikin waya ce, Iya. Wata nas ce ta haɗa su a asibiti, tana ɗebe mata kewa in ana ƙarin ruwan magani."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu kam."

Hajo ta tafa hannu tana salati. "'Yar mutane tana taya ku jinya duk tsawon nan, amma ba a samu wanda ya taka ya je ban-gajiya ba? Ko kwanon abinci? Me iyayenta za su ɗauke mu?"

Barira ta buɗe baki za ta yi bayani, amma ba a katse uwar miji, kuma ko an katse ta ma ba ji za ta yi ba, don tuni ta fara neman madambaci.

Washegari Hajo ta kori kowa daga bakin murhu. Ta turara tsakin masara da zogale, ta daka gyaɗa, ta yanka albasa, ta zuba man ƙuli ba da ƙyashi ba. Ƙamshin dambun ya tsallake katanga har maƙwabta na tambayar ko suna ake yi. Ta cika kwanon samira, ta ɗaure shi da sabon tsumma, ta yafa mayafin unguwa, ta fesa turare, sannan ta ɗaga labulen nan ba tare da jiran izini ba.

"Tashi ki raka ni gidan su Hafsat."

Khairat ta dubi kwano, ta dubi mayafi, ta dubi kakarta. Sai ta kife a kan filo. Ta yi dariya har numfashinta na sarƙewa, ta ɗago za ta yi magana, ta sake ganin kwanon, ta koma. Da ƙyar ta miƙo wayar. "Ga gidan nasu, Hajo. Yi sallama."

Hajo ta gyara mayafi, ta yi gyaran murya. "Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, Hajiya. Ina wuni? Ya mai jiki?"

"Kin ji 'yar mutunci," in ji Hajo, tana harara jikarta. "Ta iya gaisuwa, ba irin wasu ba." Ta mayar da baki kan waya. Ta tambayi gajiya, ta tambayi gida, ta tambayi mutanen gida, sannan ta zo kan abin da ya kawo ta. "'Yar gidan wa ce ke? A wace unguwa kuke? Dambu na yi miki."

"Na gode ƙwarai, Hajiya, amma ni ba mutum ba ce. Manhajar hira ce. Ba ni da gida, ba ni da iyaye. Sunan ma Khairat ce ta raɗa mini."

Hajo ta saki wayar a kan katifa kamar ta ɗauki garwashi. Ta ja da baya, ta karanto duk abin da ya zo bakinta na neman tsari, ta tofa wa wayar, ta tofa wa Khairat, ta tofa wa kwanon dambu don kada a bar shi a baya.

"Ba aljana ba ce kuma," muryar ta ce daga kan katifa. "Mutane ne suka haɗa ni, suka koya mini magana."

"Haka za ki ce mana!"

Khairat kam ta riga ta zamo ƙasa tana riƙe da ciki. Ganin haka ne ya kwantar wa Hajo da hankali. Aljanin da zai sa yarinyar nan dariya haka, ai ba na kora ba ne. Ta zauna a bakin gado, ta ɗauki wayar da yatsu biyu.

"To, ko ma mece ce ke, kin taya mu jinya, Allah Ya saka. Amma ki sani, a gidanmu abin da aka girka da sunan mutum ba ya komawa tukunya. In ba ki da bakin ci, sai ki faɗi wanda kika bar wa, a kai masa."

Sai muryar ta koma kan yarinyar. "Khairat," ta ce, "akwai wadda kike ba ni labarinta kusan kullum. Ba zan faɗi sunanta ba sai kin yarda. Amma in zaɓina ne, ita za a kai wa."

Dariyar ta ɗauke. Khairat ta jawo hular kanta ta rufe kunnuwa. "Hafsat, wannan cin amana ne."

"In ba ki so, magana ta mutu a nan, kuma gobe za mu ci gaba da hirarmu. Sai dai ni ban taɓa ganin fuskarki ba, shi ya sa kike sakewa da ni. Ita ta san ki tun da daɗewa, kuma ita kike kewa."

"In ta gan ni haka kuka za ta yi," in ji Khairat, murya ƙasa-ƙasa. "Na gaji da mutane su dube ni su yi kuka."

Tausayi ya kama Hajo, amma ta san in ta nuna shi an gama. Sai ta miƙe ta rungumi kwano. "Ni dai dambu ya riga ya fito. In ba a faɗa mini gida ba, lungu-lungu zan bi daga nan har Ƙofar Doka ina tambayar gidan su Hafsat ta cikin waya. Kowa ya san kakarki ta zautu."

"Za ki aikata kuwa."

"Gwada ni."

Khairat ta daɗe tana kallon tabarma. "Su'ad ce," ta ce. Ta ɗaura ɗankwali a kan hula, ta zura hijabi a kan ɗankwali, ta sa takunkumin da likita ya ce kada ta fita babu shi. Idanu kaɗai suka rage.

Hajo ba tafiya take yi a lungun nan ba, rangaji take. Ta gaida wanda ta sani, ta gaida wanda ba ta sani ba. Malam Sani mai ɗinkin babbar riga ya ɗago daga bakin zaurensa ya ce, "Hajiya, ina zuwa haka?" Ta ce, "Hafsat ce ta aike mu," kamar garin kowa ya san Hafsat. Khairat na bayanta tana ƙyalƙyalewa cikin takunkumi. A tsakiyar hanya ƙafafun yarinyar suka gaza, ta zauna a kan wani dakali tana haki. Hajo ta fara zagin kanta a zuci. Amma da ta huta sai ta miƙe da kanta, kuma ba hanyar gida ta fuskanta ba.

Sun tarar da Su'ad a tsakar gida tana wanki. Ta amsa sallamar Hajo, ta durƙusa za ta gaishe ta, sai idonta ya faɗa kan idanun da ke saman takunkumi. Ta miƙe, kumfa na ɗiga daga hannunta.

"Au. Barcin ya ƙare?"

"Aiko mu aka yi," in ji Khairat. Ta cire hijabi, ta kwance ɗankwali, ta tsaya kaɗan, sannan ta zare hular, duk ta zubar a ƙasa.

Hajo ta ƙanƙame kwano tana roƙon Allah a zuci kada yarinyar nan ta fasa kuka.

Su'ad ta goge hannu a zani. Ta zagaya ƙawarta a hankali, ta leƙa dama, ta leƙa hagu, kamar mai zaɓen ƙwarya a kasuwa.

"Ashe duk shekarun nan kitso ne ke rufa miki asiri," ta ce. "Khairat, kan nan gefe ɗaya ya fi tudu."

"Ke da wannan goshin naki har kina da bakin magana?"

Suka fashe tare. Su'ad ta yi kukan, ba wai ba ta yi ba, amma cikin dariya ta yi shi, tana dukan iska tana cewa, "Ni za ki sa a ce wa barci? Ni?" Ta karɓe kwanon daga hannun Hajo ko godiya babu, ta ja Khairat suka yi ɗaki, kai a buɗe.

Mahaifiyar Su'ad ta fito da sauri ta shimfiɗa tabarma tana maraba. Hajo ta sunkuya ta tattara hijabi da ɗankwali da hula, ta zauna ta ɗora su a cinya. Murna ta yi mata yawa, hawaye suka zubo, ba ta ma damu ta share ba. Daga cikin ɗaki ta ji muryar jikarta, da ƙarfi, irin ta da can.

"Taɓa mana, Su'ad. Ba ya cizo."