Ledar Fitsarin Baba Hamman

Shekara tara ina auren Bara'atu, ban taɓa kai loma baki a gaban mahaifinta ba. In na hango Baba Hamman a layin masallacin New Bell, kwana nake sha. Mahaifiyarta Inno kuwa, ta bayan labule muke gaisawa. To, wai ni ɗin nan aka ɗora wa gadin fitsarinsa!

Lokacin yajin gama-gari ne, Douala a rufe, ko tasi ɗaya babu. Da hantsi Baba ya dafe ciki ya faɗi a ƙofar shagonsa, muka tura shi asibiti a amalanke. Ashe babbar jijiyar jinin cikinsa ce ta kumbura ta fashe. Sai la'asar aka fito da shi daga tiyata.

Washegari likita ya nemi mai jin Faransanci. 'Ya'yansa maza suna Garwa, hanya a toshe, sai ni.

"Ba zan ɓoye maka ba," in ji likita. "Ya haura saba'in, ya suma kafin ku iso, jini ya zuba da yawa. Irinsa rabi ba sa tashi. Yanzu ƙoda ce za ta gaya mana." Ya ɗaga ledar da ke rataye a gefen gado, ya ja layi da biro. "In fitsari ya kai nan kafin azahar, ina sa rai. Ma'aikata sun yi mana kaɗan, kai za ka duba."

Innalillahi! Na tsuguna ina kallon abin da ko sunansa ba na iya faɗa a gidansu. Kunya kamar in nutse, tsoro kuma ya fi kunyar. Har ƙarfe goma leda a bushe. Na ce a raina, haba Baba, kai da kake shanye butar shayi kai kaɗai?

Sai ga ɗigo. Ɗaya. Wani ya biyo shi. Wallahi ban san sanda na fara ƙirgawa da ƙarfi ba, ina yi wa ledar kirari. Sha biyu da rabi ya taɓa layin, ya wuce! Likita ya duba, ya daki kafaɗata, ya ce da saura, amma yanzu Baba ya fi kusa da komawa gida.

Na kwasa da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, har inda mata suke zaune a baranda. Na tsaya gaban Inno, ido cikin ido, na kwarma ihu: "Ya yi fitsari! Inno, Baba ya yi fitsari!"

Bara'atu ta rufe fuska da gyale. Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa.

Inno ta miƙe, hawaye na zuba, ta kama hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Sirajuddeen, ɗana," ta ce, "da yawa? Mu je ka nuna mini."