Katakon Dikon Barnaba

Shekarar da sanƙarau ya shigo Dakoro, zamanin kumandan, Baturen mulki, ita ce shekarar da muka rasa Dikon Barnaba. Maƙwabcina ne, kafinta, mutumin Tsibiri. Kiristocin garin ba su cika tabarma biyu ba. Shi ne dikon ɗinsu, wato mai hidimar majami'a: shi ke share masu ƴar majami'arsu ta zana, shi ke buɗewa. Ran Lahadi ko kujerar kumandan ce ta karye, ba ya taɓa guduma.

Katako a Dakoro sai an kawo daga Maradi. Yana da wasu na maɗaci ɗaure a rufin rumfarsa, bai yarda kowa ya taya ba.

"Malam Hama, gidana ne na ƙarshe," haka yake ce mini. "Ku likkafani ya ishe ku. Mu sai da akwati."

"Kai dai ka cika son jin daɗi, har cikin kabari," in ce masa. Sai ya yi dariya.

Da ciwon ya kama ɗiyata Uwale, wuyanta ya sandare, ko taɓa ta aka yi sai ta yi ƙara. Likita ya ce sai Maradi. Kamiyon da zai tafi, babbar motar kaya, cike yake da buhuna, hanya kuwa rairayi da gargada. Ina tsaye ƙofar gida na rasa abin yi, sai na ji ƙarar zarto, ran Lahadi. Barnaba ya sauke katakon nan, ya haɗa mata gado mai bango dama da hagu don kada ta mirgina.

"Dikon, gidan naka fa?"

"Mai gidan bai tashi tarewa ba. Kama ƙafa, in kama kai."

Mun dawo da ita da rai, amma ta kurmance, ba ta ji. Ba ta yarda ta kwanta ko'ina sai cikin gadon, ta riƙe bangonsa kam. Shi kuwa muka tarar ciwon ya kwantar da shi, don ya yi ta kai ruwa gidajen da kowa ke gudu. Bai tashi ba.

Matarsa Rahamatu ba ta roƙe ni komai ba. Ta ce, "Ya ce a naɗe shi da tabarma, Ubangiji zai gane shi." Tana faɗi tana kallon rufin rumfar, inda igiya kawai ta rage.

Na shiga gida na ɗaga Uwale na sa ta bisa tabarma, na ɗauke gadon don ya zama akwatinsa. Ta yi ta kuka tana miƙa hannu. Na buɗe baki in yi mata bayani, sai na tuna ba ta ji.

Murfi muka yi da ƙyauren ɗakina, wanda shi ya haɗa mini. Ƙusa uku na lanƙwasa kafin ɗaya ta shiga.

Kiristocin tsofaffi ne da mata, saboda haka mu muka haƙa kabarin. Muka haƙa yadda muka sani, sama da faɗi, ƙasa ƴar siririya daidai mutum a kan gefensa. Da aka zo sawa, akwatin ya tsaya a baki, ya ƙi shiga.

Mainassara, mai haƙar kabarin unguwa, ya share gumi ya ce, "Malam Hama, ni ban taɓa haƙa wa mutum da gadonsa ba. Mu fiddo shi, mu sa shi kawai."

Na dubi Rahamatu. Ta sunkuyar da kai.

"Ba ni magirbin," na ce.

Muka faɗaɗa ramin cikin zafin rana, ƙasa tana ta zubowa, Kiristocin kuma suna maimaita waƙa ɗaya har muryarsu ta dushe. Bayan la'asar akwatin ya zauna daidai.

Ɗakina har yau zana ce a bakinsa. Uwale ta saba da tabarma. Kullum da safe nakan tsaya bayanta in tafa hannu da ƙarfi, in jira. Ba ta juyo ba tukuna.