Ƙarfen Gurzar Hajo

Tun da Mijinyawa ya dawo daga yaƙin ƙasar Bama na zamanin Nasara, motar sojan da ya saya a gwanjo take kwance a bayan gidansu a Karaye, kaji na ƙwai a kujerar direba. Ya gyara komai, saura abu ɗaya: wata siririyar sandar ƙarfe mai tura bawul a cikin injin ta lanƙwashe. Maƙera sun miƙe ta, ta sake lanƙwashewa.

Yayansa Daudu ya gaji. "In damina ta faɗi ba ta tashi ba, maƙera zan kira su yanka ta fartanyu. Ko banza ta yi noma."

Mijinyawa ya ɗauko sandar ya auna. Ya yanki karan dawa daidai tsawon sandar, ya soke a hula. Ya je Kano, ya tona tarin ƙarafa. Wannan ta yi tsawo, waccan kauri. Da rana in ya kishingiɗa a inuwar motar, sai ya ji kamar tana numfashi, ya ga hanyar Rogo ta zama kogi, motar kuma tana tafe a kai ba ƙara, buhunan gyaɗa na binta kamar tumaki.

Hadari ya fara haɗuwa ran da ya bi ta Beli, ya tsaya neman ruwa. Wata tsohuwa, Hajo, na gurzar auduga a gindin tsamiya. Ƙarfen hannunta na mirginawa a kan dutse sumul, ba tsalle ko kaɗan. Ya sha ruwan, ya zauna yana saurare, har ya manta da ƙwaryar a hannunsa.

"Sannu da aiki, Goggo. Ina kika samo ƙarfen nan?"

"Kai kuma mai kara a hula, auduga za ka gurza? A rafi na tsince shi, inda motar Nasara ta mutu lokacin yaƙi."

Ya ɗora karan a jikin ƙarfen. Kai da kai.

"Goggo, wannan haƙarƙarin motata ne."

"To motarka ta yi haƙuri. Na maƙera duk suna tauna min iri."

Ya ba ta labari tun daga Bama har kajin. Ta daɗe tana kallon gabas, inda sama ta yi baƙi.

"Ban taɓa shiga mota ba," ta ce. "In ta tashi, gaba zan zauna. Kuma inda ka tono ƙarafa ka tono min wani miƙaƙƙe."

Ta miƙa masa ƙarfen. A gida, ya zauna a gurbinsa cikin injin kamar bai taɓa fita ba. Mijinyawa ya murɗa hannun tayar da injin, motar ta yi tari, ta kama. Kaji suka watse. Daudu ya fito da buta a hannu, ya tsaya.

"Ina zuwa kuma?"

"Beli, Yaya. Akwai mai kujerar gaba."

Yayyafi ya same shi a hanya. A cikin ƙugin injin yana jin wani ɗan sauti sumul, kamar ana gurza a gindin tsamiya.