Ranar Gwajin Motar Ɗangana

Bara da damina Biba ta tsaya gindin wani gawo a bakin hanyar Bangi, goye da ɗiyarta mai zazzaɓi, ta ɗaga wa maƙwabcinsu Ɗangana hannu. Ya sassauta kat-kat ɗinsa, ya ce kujeru sun cika, alhali babu kowa a ciki sai shi.

Bana ya sa motar a kasuwa, mijin Biba, Mahfuzu, ya taya. Biba ta ce ai motar iyali ba a gwada ta wayam. Ta zuba yara biyar da buhun albasa biyu, Mahfuzu ya ja, Ɗangana na gaba yana ta yabon taushin kujera.

Motar kam ta yi: ta keta rairayi, ta haye duwatsu ko gezau. Da suka iso gawon nan, Biba ta ce, "Malam Ɗangana, ina jin ƙara ta gefenka. Ɗan sauka mu ji ko nauyi ne."

Yana sauka ta haye kujerarsa, ta ja ƙofa. "Maigida, mu tahi."

Ɗangana ya biyo su yana kira. Ta leƙo ta taga, ta ce, "Kujeru sun cika."