Cigiyar Raƙumin Sidi

"Raƙumi na ce ka nemo mini?" Intala ya buga sandarsa a kan tebur. "Abu biyu ke cikin takardar da na kawo jiya, ɗana da raƙuminsa. Ka karanta raƙumi har da shaidar wutar da ke wuyansa, ka tsallake mutum."

Muktari ya saci kallon agogo. Saura minti goma ya buɗe filin cigiya na la'asar, ga tsohon nan ya tsaya masa a ka cikin ɗan ɗakin rediyon da ko mutum biyu ba ya isa.

Intala tsohon direban motar ma'aikata ne, tun da kasuwar yuraniyom ta faɗi aka sallame shi. Kwana huɗu ke nan da masu kaki suka ɗauke ɗansa Sidi a bakin rijiya, wai yana kai wa 'yan tawaye shayi da sukari. Gobe da safe mota za ta kwashi tsararru ta yi kudu da su. Kowa a Arlit ya san wanda sunansa ya fita a rediyo ana jin nauyin ɓatar da shi. Wanda ba a ambata ba kuwa, sai dai uwarsa ta yi ta tsayawa a tasha.

"Baba, cigiya ta abin da ya ɓace ce," in ji Muktari. "Sidi bai ɓace ba, an san inda yake."

"To faɗi inda yake."

"Wannan kuma labarin daji ne. Labarin daji sai da takarda mai hatimi."

"Ranar da ka ce alƙalin wasa makaho ne, da hatimin wa ka faɗa?"

Nan kam tsoho bai yi ƙarya ba. In ƙwallo ce, bakin Muktari ya fi reza. Shekarar da aka yi fari mai tsanani, sai da ya jera sunayen masu ɓoye gero ɗaya bayan ɗaya, har da kawun matarsa, abin da ya jawo ta yi mako ba ta sa masa nama a miya. Amma da an zo kan tawaye sai murya ta yi laushi kamar ta mai gaida surukai, ya karanta abin da aka miƙo masa, ya sa kiɗa.

Zayyadu mai kula da na'ura, wanda ya yi shekara biyu a Kano bai bar kowa ya manta ba, ya ɗago daga wayoyinsa.

"Can Kano na ga ɗan jarida ya zana gwamna da kunnen jaki, ya kwana gidansa lafiya lau."

"Ka taɓa ganin ya zana malami?" Muktari ya harare shi. "Kowace ƙasa da abin da ba a taɓawa. Kula da wayarka."

"Baturiyar nan 'yar jarida ta bara fa?" in ji Intala. "Mace, ko lulluɓi babu, ta tsaya gaban kwamanda ta tambaye shi makiyaya nawa ya kama. Kai kana gefe kana mata tafinta, ka ji da kunnenka."

Muktari ya kai harshe gurbin haƙoransa biyu na gefe. Baturiya ta hau jirgi ran Laraba, ran Alhamis aka zo aka ɗauke shi. Kwana goma sha tara ya yi a tsare, can ya baro haƙoran, gidan rediyon ya yi wata a rufe, ita kuma an ce har lambar yabo aka ba ta can ƙasarsu.

"Ita aikinta ta yi tambaya ta tafi, Baba. Ni nan nake kwana. 'Ya'yana uku."

"Ni ɗaya gare ni."

Jar fitila ta kama. Zayyadu ya ɗaga yatsa. Muktari ya jawo makirfo, ya yi wa jama'ar Arlit da Akokan sallama, ya ɗauki takardar farko, akuyar wata Larai ce mai yankakken kunne. Bai kai ƙarshen layi ba ya ji ƙanshin shayi da taba a kafaɗarsa. Intala ya sunkuyo, ya saukar da amawalin rawaninsa, abin da bai taɓa yi a gaban yara ba.

"Ni ne Intala direba. Ɗana Si..."

Zayyadu bai motsa ba, ya ma naɗe hannu yana kallo. Muktari ne da kansa ya miƙa ya danne maɓallin. Fitila ta mutu. Mutanen gari suka ji kiɗan gurmi ya faɗo musu a tsakiyar akuya.

Intala ya daɗe yana kallon yatsan da ke kan maɓallin. Ya mayar da amawalinsa a hankali, ya zare takardarsa daga cikin sauran, ya cusa a aljihu.

"Gobe in mota ta tashi, ka sa musu wannan kiɗan. Ya dace da kai."

Ya fita ya buga ƙofar kwanon, har agogo ya karkace a bango.