Mai Walda Ya Ari Ɗana

Tun da na ga gilashin walda ya suɓuce daga hannunsa bai sunkuya ya ɗauka ba, jikina ya ba ni cewa ba lafiya. Da hantsi ne, ina dawowa daga aikin gadi. Mai Walda, maƙwabcinmu, yana zaune a benci a ƙofar shagonsa, ya jingina da bango, gumi na keto masa. Ɗana Dogo na durƙushe a gabansa yana ɓalle masa maɓallan riga.

"Baba, tsayar mana da mota," in ji Dogo, ko ɗagowa bai yi ba.

Tsohon ya ce babu inda za shi, kuma in daina zare ido kamar wanda aka kama da kayan sata. Muka dai kai shi asibiti. Likita ya ce zuciya ce ta gaji. Bayan 'yan kwanaki aka sallame shi, aka ce wa matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, ta bar shi ya huta a gida. Kowa ya gane abin da ake nufi.

Ni tsorona ba na tsohon kaɗai ba ne, har da na Dogo.

Da Dogo ya faɗi jarrabawar gama sakandare, sai ya koma zaman bayan tasha, inda samari ke yini da kwalaben maganin tari. Na yi faɗa, na yi duka, na dawo ina roƙo. Uwarsa ta rame har zobe ya daina zama a yatsanta. Mai Walda bai taɓa yi masa wa'azi ba. Wata safiya kawai ya tsaya a ƙofarmu ya ce, "Maƙwabci, ara mini dogon nan naka. Hannuna ya fara rawa, ina neman mai riƙe mini ƙarfe."

Haka yake yi. Bai taɓa ce wa yaro zai taimake shi ba, kullum shi ne mai neman taimako. Duk Asabar yakan ajiye aikin ƙofofi da tagogi, ya zauna gyaran kekunan guragu da sandunan dogarawa kyauta. Samarin da ya ara kafin Dogo duk sun kama gabansu: wani bakanike ne yanzu, wani yana aiki a asibiti a wani gari. Dokarsa ita ce duk wanda ya gyara keke sai ya hau shi da kansa har ƙarshen layi, ya tsallake fasasshen kwalbati ya dawo, sannan ya kai wa mai shi har gida.

Ranar da Dogo ya fara hawa, layin nan ya sha dariya. Mai kanti ya leƙo yana tambayar yaushe ƙafafu suka mutu ba a sanar da maƙwabta ba. A kan kwalbatin taya ɗaya ta ja hagu, ya kife, gwiwar hannu ta ƙuje. Na ɗauka shi ke nan, zai yi zuciya ya tafi. Sai ya tashi ya jawo keken, ya kwance tayar ya sake ɗaurawa. Na wata yarinya ne da ta daina zuwa makaranta tun da ya lalace. Da ya dawo daga kai mata, ya faɗa wa uwarsa cewa mahaifin yarinyar miƙewa ya yi ya ba shi hannu, ya kira shi malam. Sai da ya maimaita mata maganar. Ni ina tsakar gida ina wanke ƙafa, na yi kamar ban ji ba.

Da Mai Walda ya kwanta, Dogo ne mai juya shi, mai yi masa aski, mai ɗaga shi ya sha magani. Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya da fanka mai ƙara, da tsohuwar rediyo a kan taga. Tsohon yakan ce, "Injiniya, a hankali, ba rodi kake lanƙwasawa ba." Inna ta ce ai ya gode Allah yaron bai zo da guduma ba.

Wata Asabar numfashinsa ya canza. Akwai keken wani tsohon tela da aka yi alkawarin kaiwa ƙetaren gada a ranar. Dogo ya ce ba zai je ba, telan ya jira gobe.

"Mutumin nan tun safe yana ƙofa yana duban hanya," in ji Mai Walda. "Ni kuwa ina zan je? Tashi."

Dogo ya tafi yana waige. Na zauna a inda ya tashi, da kofin ruwa a hannuna. Can tsohon ya buɗe ido ya dube ni.

"Maƙwabci, aro na yi. Ga shi na maido maka. Ka duba, ban rage komai ba."

Na so in ce ƙari ma ya yi, sai ya lumshe ido. Kafin Dogo ya dawo, Allah ya karɓi abinsa.

Yaron bai yi kuka ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Bayan mun dawo daga maƙabarta ya daina magana, abinci sai uwarsa ta tsaya a kansa. Asabar da ta zagayo na leƙa ɗakinsa da safe, babu kowa. Shagon a kulle. Uwarsa ta dube ni, na dube ta. Na zura takalmi na nufi bayan tasha, ina addu'ar kada in same shi.

Yana can. Yana zaune a kan tsohuwar taya a tsakiyar samarin. Na raɓe a bayan wata babbar mota.

Wani mai baƙin leɓe ya miƙa masa kwalba. Dogo ya karɓa, ya ajiye ta a ƙasa, ya tura ta gefe da ƙafa.

"Kekuna sun taru a shago," ya ce. "Ni kaɗai ba zan iya ba. Ku ara mini hannu zuwa rana tsaka."

"Injiniyan guragu, me za a samu?"

"Ba komai. Sai dai ka kife a kwalbati mutane su yi dariya."

Aka bushe da dariya, wani ya ce tsohon ya mutu ya bar masa ciwon kai. Dogo bai tashi ba. Ya yi ta zama har abin ya fara damun su. Sai mai baƙin leɓen ya miƙe yana karkaɗe wando, ya ce shi kallo kawai zai je. Wani siriri ya bi bayansa.

Ta gefen motar suka biyo. Dogo ya gan ni, ya dube ni, ya dubi takalmina da na sa a karkace. Na ce hanya ce ta biyo da ni. Ya gyaɗa kai, ya tambaye ni ko na karya kumallo.

Na bi su daga nesa har layinmu. Inna ta miƙo makulli ta taga. Daga ƙofar gidana ina hangen su ukun a cikin shagon: siririn ya riƙe ƙarfe da hannu biyu yana kawar da fuska, ɗana ya sunkuya a kansa yana gyara masa riƙo. Uwar Dogo ta zo ta tsaya kusa da ni, ta tambaye ni a hankali ko za su dawo mako mai zuwa.

Ban sani ba. Har yanzu ban san ko shi zai jawo su ba, ko su za su janye shi.