Bayan Kabad Na Bango Ne

Kafinta mutum ne da zai yini yana gogar ƙofar kabad har sai ka ga fuskarka a jiki, amma idan aka zo bayanta, katako tsirara yake bugawa, da zanen fensirinsa da kawunan ƙusa duk a waje. Ba ha'inci ba ne a wurinsa. Haka maigidansa ya koya masa, kuma duk wanda ya yi masa magana amsa ɗaya yake samu: "Bayan kabad na bango ne. Wa zai leƙa?"

Autarsa ce kaɗai ba ta jin wannan karatu. A cikin dusar katako ta yi rarrafe, ta iya zarto kafin ta iya ɗaurin ɗankwali, sai dai tana da wani hali da ke ƙona masa rai: ko akwatin ajiye guduma ta haɗa, sai ta goge bayansa ta shafe shi da fenti. Ɓarna yake kiran abin. Saboda haka bai taɓa barin ta ta sa hannu a aikin mai saye ba, ya bar mata amsa waya da ɗaukar hoton kaya. Kabad ɗaya ta haɗa da guntayen da ya zubar, yana can lungun shago an jibga masa tsummokara.

Mamansu ce ta kawo masa labarin, tana ninke wanki, ba ta ko dube shi ba. Wani kamfanin kujeru ya yi wa Auta tayin aiki a wani gari. Auta ta ce za ta taya babanta baje kolin da ke tafe, in an tashi har yanzu ita mai amsa waya ce, za ta tafi.

"Ta tafi mana," in ji Kafinta. Ranar abincinsa a kwano ya huce. Tsoro ne ya kama shi, na gaske, don bai san yadda shagon zai yi masa ba babu ita, amma bakinsa ya fi katakon da yake yanka tauri.

Auta ce ta kawo zancen baje kolin tun farko, ita kuma ta zaunar da shi ta shimfiɗa taswirar zauren a kan teburin aiki. Ta nuna masa rumfar layi, mai bango uku da baki ɗaya. Ta nuna ta kusurwa, mai baki biyu. Ta ce akwai wadda masu taron ke kafa maka bangonta da allon suna, akwai kuma fili zalla, su shata maka a ƙasa ka ji da sauran. Akwai ranar kafi, wato ta kafa rumfuna, akwai ranar kwashe kaya, kuma ba mai shiga sai da katin shaida rataye a wuya.

"Wannan ta tsakiya fa, da take zaune ita kaɗai?"

"Tsibiri suke ce mata, Baba. Hanya ta kewaye ta ko'ina. Amma ka ga kayanmu..."

"Ita ce ta manya?"

"Ita ce, sai dai..."

"To ita nake so. Ni ba za a cusa ni a layi kamar mai jiran awo ba."

Auta ta dube shi, ta naɗe taswirar. Ranar lodi dai ya ga an cusa kabad ɗinta can ƙuryar mota, ya yi kamar bai gani ba.

Ranar kafi suka isa zauren, ƙarar guduma ta ko'ina, ana jan kaya a kan amalanke, ana shimfiɗa kafet. Wata jami'ar taro mai tafiya kamar ana bin ta ta rataya musu katin wuya, ta kai su wani fili da aka shata da farin tef. Kafinta ya tsaya a tsakiya ya juya gabas, ya juya yamma.

"Ranki ya daɗe, yaushe za a kawo bangon?"

"Tsibiri kuka kama, Baba. Ba a yi masa bango. Ko kun kawo naku ba za mu bari ku tare wa maƙwabta ba." Ta yi gaba abinta.

Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Masu dako sun sauke kabad-kabad ɗinsa sun jera su, ta gaba kamar amare, ta baya kuwa ga lissafinsa da fensir, ga tabon gam, ga inda ya taɓa rubuta lambar mai kawo ƙusa. Wani mai sayar da fitilu a rumfar da ke kallonsu har ya fara karantawa yana murmushi. Kafinta ya ce a rufa wa kayan zani, Auta ta ce za su zama kamar marasa lafiya a asibiti. Ya ce a koma gida, ta ce ba a fitar da kaya sai ranar kwashewa.

"Ki yi dariyar mana, na ga tana cin ki."

Ta yi kuwa, har da riƙe ciki. Da ta gama ta share ido ta ce wa masu dako su haɗa kabad ɗin bibbiyu, baya da baya, kowane ya zama bangon ɗan'uwansa. Nan da nan asiri ya rufu. Sai dai tsakiyar filin ta zauna fayau, kuma duk abin da za a ajiye a wurin ta ko'ina za a gan shi. Kafinta ya yi ta kewaye yana sosa ƙeya. Can ya ce, yana kallon rufin zauren, "Wancan tarkacen naki da kika ɓoye a mota, a shigo da shi ya toshe gurbin."

Washegari aka buɗe ƙofa, jama'a suka cika hanyoyi. Kafinta ya sha sabuwar riga yana buɗe ƙofofin kabad yana rufewa don a ji ba sa ƙara, ana yabawa, ana karɓar katin shago. Amma ya lura da wani abu da ya tsaya masa a rai. Duk wanda ya shigo sai ya kewaya na tsakiyar, ya shafa bayansa, ya sake kewayowa.

Da rana ta yi, Auta ta tafi nemo musu ruwa, sai ga wata mata mai gilashi, ta ce ita ke tsara ɗakunan wani sabon otal. Ɗakunan manya ne, tana neman kabad da zai tsaya a tsakiya ya raba wurin kwana da wurin zama. Ta gama zauren kaf, kowa ya manna kayansa da bango, in ta leƙa baya sai ta ga abin da ta gani.

"Wannan nake so, da yawa. Aikinka ne, Baba?"

Ba kowa a kusa. In ya ce nasa ne, ba mai ƙaryata shi, sunan shagonsa ne a allo. Ya dubi bayan kabad ɗin, sumul, fentin da ya sha yi mata faɗa a kai yana ɗaukar hasken fitilun maƙwabcinsa. Kunya ta kama shi, alfahari kuma ya taso ya danne ta.

"Ba nawa ba ne. 'Yata ce ta yi. Ni ban iya irinsa ba." Ya ɗaga murya har mai fitilu ya waiwayo. "Ga ta can tafe. Ita ce kafintar, da ita za ki yi magana."

Auta ta ji. Ta tsaya da robar ruwa a kowane hannu, idonta ya ciko, sai ya karɓe robobin ya tura ta gaba yana cewa kada ta bar baƙuwa a tsaye. Wayar shago ta yi ƙara a aljihunta, ya ajiye robobin ya miƙa hannu ta ba shi, ya koma gefe yana ta laluben inda ake dannawa.

Ranar kwashe kaya, da masu dako suka raba kabad ɗin, bayansu ya sake fitowa fili, ya yi sauri ya tsaya a gaban mai lambar ƙusar.

"Baba, jami'ar nan tana tambaya ko za mu kama wuri na baɗi. In ce layi?"

"Tsibiri."

"Ba bango fa."

"Na ji. Kamfanin nan kuma ki ce musu su nemi wata." Ya shafa katakon da tafin hannu, wani ɗan sartse ya soke shi, ya cire shi da haƙori. "In mun koma ki nuna min ta inda kike farawa."